TABA DA KANWA: HANYAR DA SANKARA KE BI TA SHIGA BAKI

Yau shafinmu zai yi magana a kan wata cuta wadda ba a cika ambatonta ba a garuruwanmu, ko da yake tana nan tare da mu, tana kuwa ɗauke magidanta da iyayen gida a lokacin da iyali suka fi bukatarsu. Wannan cuta ita ce sankarar baki, wadda waɗansu ke kira ciwon daji na baki, likitocinmu kuma suna ce mata kanser. Za mu ɗauki misalinmu daga ƙasar Barmu, wadda ke arewa maso gabas da birnin Tawa, domin abin da ake gani can shi ne ake gani a sauran garuruwan Adar, tun daga Keita da Buza har Ilela.

Duk wanda ya saba cin kasuwa a wannan yanki ya san wurin masu taba. Ga busasshen ganye an kasa shi, ga taba gari a ƙulle, kusa da su kuma ga kanwa. Manomi ya saya, makiyayin da ya gangaro daga arewa ya saya, tsohuwa ta aiko jikanta da dala goma a sayo mata. Ba mai ganin aibin wannan ciniki, domin mun tashi mun iske kakanninmu suna yin sa. Da yawa daga cikinmu ma suna zaton sigari kaɗai ke da illa, tabar da ake ci kuwa ba ta da hayaƙi, saboda haka ba ta da laifi. Wannan zato shi ne ya ci kawuna.

LABARIN KAWUNA

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Barmu. Tun yana saurayi battar taba ba ta rabuwa da aljihunsa. Yakan ɗebi taba, ya gutsuri kanwa, ya tura su tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, kullum a gefen hagu. Bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, har ma yakan yi wa samari faɗa in ya ga suna sha.

Wata shekara da kaka na je gida hutu, muna cin tuwo sai na lura yana tauna da gefe guda. Na ce: "Kawu, lafiya kake ci da gefe ɗaya?" Ya ce: "Ɗan miki ne, ɗana, kanwa ce ta ƙone ni. Ba ya ma ciwo." Ya gaya mini ya mayar da tabar gefen dama kafin wurin ya warke. Na yi masa sannu, muka ci gaba da hira. Ni da na yi makaranta, wanda aikinsa shi ne juya takardun ma'aikata zuwa Hausa, ban ce masa ya buɗe baki in gani ba, ban kuma tambaye shi ko tun yaushe mikin yake nan ba. Kunya ta hana ni, rashin sani kuma ya taimaka mata.

Rani ya wuce mikin bai warke ba. Damina ta faɗi, ya ce ba zai bar gona ya tafi gidan likita saboda ɗan ƙurji ba. Aka gwada saƙe-saƙi da garin magani. Da wurin ya fara kumburi, sai masu ba da shawara suka ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, kada a kuskura a kai shi asibiti. Sai da haƙora biyu suka zube da kansu, kaluluwa ta fito masa a wuya da tauri kamar dutse, tuwo ya gagare shi sai kunu, sa'an nan aka ɗauke shi zuwa Tawa, daga can aka tura shi Yamai. Likitan da ya duba shi ya shaida mana cewa ciwon ya riga ya ci ƙashin muƙamuƙi ya sauka wuya, kuma da an kawo shi tun mikin bai wuce faɗin farce ba, da an yanke shi. An sayar da sa da tumaki, an jinginar da gona guda, duk da haka bai ga wata kaka ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Kwana ƙararre ba ya da magani, wannan gaskiya ne. Amma Allah da ya saukar da cuta ya saukar da sanin sababinta, kuma neman wannan sani wajibi ne a kanmu.

MECE CE SANKARA?

An gina jikin ɗan Adam da waɗansu ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kullum waɗansu suna tsufa suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, bisa ƙa'ida. Fatar cikin baki tana cikin wuraren da suka fi saurin sabuntawa, shi ya sa in mutum ya ciji harshensa, ko shayi ya ƙone shi, cikin mako ɗaya ko biyu sai wurin ya warke. To, idan wani dafi ya daɗe yana taɓa wuri guda shekara da shekaru, yakan ɓata tsarin ƙwayoyin wurin, su shiga hayayyafa ba tsayawa. Da farko sai a ga tabo fari ko ja. Daga baya ya zama gyambo ko ƙari, ya ci naman da ke kusa da shi, ya kama ƙashi, ya sauka cikin kaluluwar wuya, wani lokaci har ya kai huhu. Wannan shi ne sankara. Kashi 9 cikin 10 na sankarar baki daga wannan siririyar fata ta cikin baki take farawa.

Sankara ba sammu ba ce, ba jifa ba ce, ba kuma a ɗaukarta ta cin abinci a kwano guda da marar lafiya. Saboda haka babu dalilin gudun wanda ta kama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sani da OMS, tana da wata cibiya ta binciken sankara a birnin Liyon na ƙasar Faransa, mai suna CIRC, wadda aka kafa a 1965. Bisa lissafin wannan cibiya, a shekarar 2022 kaɗai mutum kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar baki da ta leɓe a duniya, wajen 188,000 kuma suka mutu da ita. Maza sun fi mata kamuwa, kuma ta fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 40.

TABAR DA AKE CI

Asalin taba daga Amurka take. Ta iso ƙasashenmu wajen ƙarshen ƙarni na 16, har malaman Tumbutu, cikinsu da Shehu Ahmad Baba, suka yi rubutu a kan hukuncinta. Tun daga lokacin ta samu gindin zama, ana noma ta a fadamun Magiya da na gulbin Maraɗi, ana kai ta kasuwanni kusa da nesa. Abin da ke cikin ganyenta kuwa sai a zamaninmu likitoci suka gano shi.

Abu biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko shi ne nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya ji garau in ya ci taba, ya kuma ji kasala da fushi in ya rasa ta. Nikotin shi ne igiyar da ke ɗaure mutum ga batta. Na biyu shi ne dafin da ke kawo sankara. An ƙirga irin wannan dafi har 28 cikin tabar da ake ci, mafi muni a cikinsu kuwa su ne waɗanda ake kira nitrozamin, masu ƙaruwa sa'ad da ake shanya ganye, ana rufe shi ya yi gumi, ana kuma ajiye shi ya daɗe.

Ina amfanin kanwa a nan? Masu ci sun sani taba ba ta kama jiki sosai sai an haɗa ta da kanwa ko toka. Dalili shi ne kanwa tana sakin nikotin daga ganye, ta sa shi ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. Wato kanwa tana ƙara wa igiyar ƙarfi, mutum ya ƙara yawan ci, ga shi kuma tana ƙona fatar wurin da ake ajiye ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bari mu yi lissafi irin na ajin yaƙi da jahilci. Mutum ya sa taba sau 10 a yini, kowace sawa ta yi rabin awa a bakinsa. Ke nan awa 5 a yini. A shekara guda ya zama fiye da awa 1,800 dafi yana kwance a wuri ɗaya. To, a ninka wannan da shekara 30 ko 40 da kawuna ya yi yana ci. Shi ya sa sau da yawa ciwon yakan tsiro daidai inda mutum ya saba ajiye tabarsa: cikin leɓen ƙasa, ko cikin kunci, ko ƙarƙashin harshe.

Tun shekarar 1985 cibiyar Liyon ta bayyana cewa tabar da ake ajiyewa a baki tana kawo sankara, a 2007 kuma ta ƙara tabbatar da haka a kan tabar da ba a kunna mata wuta baki ɗaya. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙasar Sudan. Can suna da wata taba da suke kira tumbak, wadda ake haɗawa da kanwa a cusa cikin leɓe, kamar dai yadda ake yi a nan. Binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa nitrozamin da ke cikin tumbak yana cikin mafi yawa da aka taɓa aunawa a cikin taba, kuma masu cin ta sun fi sauran mutane kamuwa da sankara a wurin da suke ajiye ta. A ƙasashen Indiya da Pakistan da Bangaladash, inda ake tauna taba tare da farar ƙasa da wani ɗan itace mai suna areka, sankarar baki tana sahun gaba cikin sankarar da ke kama maza. A 2024 masu bincike na cibiyar Liyon sun buga lissafin da ya nuna cewa kusan kashi 1 cikin 3 na dukan sankarar baki a duniya, wato wajen mutum 120,000 a 2022, daga tabar ci ne da wannan areka.

Muna jawo hankalin iyayenmu mata a nan. Akwai masu cusa taba a ramin haƙori in yana ciwo, akwai masu goge haƙora da ita. Zafin yakan lafa na ɗan lokaci, amma haƙorin bai warke ba, an kuma buɗe ƙofar sabo da taba. Haƙori mai ciwo gidan likita ake kai shi.

SIGARI DA GIYA

Kada mai shan sigari ya karanta abin da ya gabata ya ce shi ya tsira. Kafin hayaƙi ya kai huhu, ta baki yake bi. Akwai dafi mai kawo sankara wajen iri 70 cikin hayaƙin taba, kuma ko sigari ce, ko lofe, ko shishar da samarin birni suka ɗauka abin ado, duk hanyarsu ɗaya. Ƙasar Adar ƙasa ce ta masu tafiya biɗa. Matasanmu sukan tafi Abijan ko Libiya ko Najeriya, su komo da kuɗi da kaya, waɗansu kuma su komo da kwalin sigari a aljihu, ƙannensu na gani suna koyi.

Game da giya, mun sani yawancin mutanenmu musulmi ne, ba su kusantarta. Amma akwai masu sha a ɓoye, ya kuwa kamata su ji. Tun 1988 cibiyar Liyon ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankarar baki da ta maƙogwaro. In ta shiga jiki takan rikiɗa ta zama wani dafi mai ɓata ƙwayoyin jiki, tana kuma tausasa fatar baki yadda dafin taba zai ratsa ta da sauƙi. Saboda haka wanda ya haɗa taba da giya haɗarinsa yakan ninka sau da yawa bisa na mai yin ɗaya kaɗai. Burkutu da giyar kwalba duk hukuncinsu ɗaya a wajen likita.

SAURAN ABUBUWAN DA KE TAIMAKA WA CUTAR

Zafin rana yana iya kawo sankara a leɓen ƙasa ga wanda ke yini a fili shekara da shekaru. Baƙar fata tana kare mu ƙwarai, amma masu hasken fata, musamman zabiya, suna cikin haɗari. Malafa mai faɗi da rawani mai amawali kariya ce babba, kuma ya wajaba iyayen yaro zabiya su kula da wannan tun yana ƙarami.

Ƙarancin ganye da ƴaƴan itace cikin abinci yana rage wa jiki ƙarfin gyara abin da ya ɓaci. Allah ya hore wa jiharmu albasa, wadda sunanta ya kai ƙasashen waje daga Galmi, ga tumatir da kabewa da karas na noman rani, ga zogale da yakuwa da rama. Kada a kwashe duka a kai kasuwa, a bar wa tukunyar gida rabonta.

Likitoci sun lura kuma cutar ta fi samun baki marar tsabta, mai ruɓaɓɓun haƙora, da bakin da karyayyen haƙori ya daɗe yana gugar harshe ko kunci. Asuwaki safe da dare, da cire haƙorin da ya lalace, abu ne mai sauƙi da kowa zai iya.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ita ce ke kawo sankarar bakin mahaifa ga mata, tana kuma iya kawo sankara a can gindin harshe da maƙogwaro. Tana da allurar rigakafi da ake yi wa ƴan mata, maƙwabciyarmu Najeriya ma ta shigar da ita cikin alluranta na ƙasa a 2023. Haka nan wanda ƙarfin jikinsa ya ragu, kamar mai ɗauke da cutar sida wanda ba ya shan magani, ya fi saurin kamuwa.

Mai karatu zai tambaya: goro fa? Goron da muke ci dabam yake da areka ta mutanen Indiya, ko da yake waɗansu na kiran areka goron Indiya. Goronmu ba ya cikin jerin abubuwan da cibiyar Liyon ta tabbatar suna kawo sankara. Sai dai a kula da abu biyu: masu haɗa goro da taba ko furen taba, tabar suka ci, sa'an nan jan goro yakan rufe tabon da ya kamata a gani da wuri. A kurkure baki sosai kafin a duba shi.

KADA A HAƊA TA DA NOMA

Akwai wata cuta ta baki da mutanenmu ke kira ciwon daji ko ciwon iska, alhali ita dabam ce. Likitoci suna ce mata noma. Ita yara ƙanana take kamawa, yawanci ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ko ƙyanda ko zazzaɓi ya raunana. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, cikin ƴan kwanaki ta huda kunci. In aka kai yaro da wuri ana tsayar da ita da magani da abinci mai gina jiki. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Noma tana gudu cikin kwanaki, sankara tana rarrafe cikin watanni, amma dukansu jinkiri ne ke ba su nasara.

ALAMOMIN DA ZA A KULA DA SU

Sankarar hanta ko ta ciki tana ɓoye inda ido ba ya kaiwa. Ta baki kuwa a fili take farawa, mai madubi da fitilar hannu zai iya ganinta. Babban makircinta shi ne da farko ba ta ciwo. Ga alamomin:

1. Miki ko gyambo a baki ko a leɓe wanda ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba.
2. Tabo fari wanda ba ya fita in an goge, ko tabo ja mai santsi.
3. Ƙari ko tauri a harshe, ko cikin kunci, ko a dasashi.
4. Haƙori ya yi girgiɗi ba dalili, ko ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa.
5. Jini daga baki ba tare da rauni ba, ko wani gefe na leɓe ko harshe ya mutu.
6. Wahalar tauna ko haɗiya ko buɗe baki, ko shaƙewar murya da ta daɗe.
7. Kaluluwa mai tauri a wuya ko ƙarƙashin haɓa wadda ba ta sacewa.

Ba kowane miki ne sankara ba, yawancinsu ma ba ita ba ce. Amma likita ne zai rarrabe.

Duk mai cin taba ko mai shan ta, da wanda ya taɓa yi ya bari, ya duba bakinsa sau ɗaya a wata. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya tsaya cikin haske da madubi. Ya jawo leɓen ƙasa ya duba cikinsa, haka na sama. Ya buɗa kunci na dama da na hagu. Ya fito da harshe ya duba gefensa biyu, ya ɗaga shi ya duba ƙarƙashinsa, ya duba ganɗa. Daga nan ya shafa wuyansa da yatsu ko zai ji ƙululu. Wanda idonsa ya yi rauni ya sa ɗansa ko matarsa su duba masa. Aikin bai kai tsawon shan shayi na fari ba.

Kada a raina wannan dubawa. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye suka riƙa bi gida-gida suna duba bakin mutane da ido da fitila kawai. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa a cikin masu taba ko giya, mutuwa daga sankarar baki ta ragu da wajen kashi 1 cikin 3 a garuruwan da aka yi wannan aiki.

INA ZA A JE?

Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin nan ya fara da gidan likita mafi kusa da shi, ya gaya wa malamin asibiti gaskiya: tun yaushe abin ya fito, shekara nawa kuma ya yi yana taba. In aka ba shi magani ya sha mikin bai warke ba, ya koma, ya nemi a tura shi babban asibitin jiha da ke Tawa. Tabbatar da sankara sai an yanki ɗan nama kaɗan daga wurin an duba shi da madubin likita. Maganinta kuwa iri uku ne: aikin yanke ciwon, da gashi da haske na na'ura, da allurai masu ƙarfi. Shekarun baya mai bukatar gashi sai ya fita waje, amma a 2021 aka buɗe sashen gashi a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar AIEA ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci, ba mu musun wannan. Amma kuɗin zuwa da wuri bai kai na zuwa a makare ba. A ƙasashen da ke da cikakken lissafi, fiye da mutum 8 cikin 10 da aka gano ciwonsu tun bai bar wurin da ya tsiro ba suna nan da rai bayan shekara 5. In ya riga ya watsu cikin jiki, ba su wuce 4 cikin 10 ba.

Maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, ga asalinta: mutane ba su kai marar lafiya asibiti sai ciwo ya gama cin sa, in ya rasu bayan ƴan kwanaki sai a ce allura ce ta tayar da ciwon. Alhali watannin da aka yi ana jira su ne suka yi ɓarnar. Sakiya da tsaga da shafa magani mai zafi a kan gyambon sankara ba su ƙara komai sai jini da ruɓa.

BARIN TABA

Ba mu ce barin taba abu ne mai sauƙi ba, domin nikotin ba ya sakin mutum da daɗin rai. Kwanakin farko mutum zai ji ciwon kai da fushi da rashin barci, amma cikin ƴan makonni abin yakan lafa. A sa rana, a gaya wa iyali, a fitar da batta daga aljihu. In sha'awa ta taso a sa asuwaki a baki, ko a sha ruwa, ko a tashi a kama wani aiki. Watan azumi dama ce babba, domin wanda ya iya haƙura tun daga asuba har faɗuwar rana ya riga ya yi rabin tafiya. Sauya wa taba wuri a baki, ko barin sigari a koma ga tabar ci, duk ba mafita ba ne. Ribar bari kuwa tabbatacciya ce: bincike a kan masu shan sigari ya nuna haɗarin sankarar baki yana raguwa da wajen kashi 1 cikin 3 cikin shekara 4 na farko, bayan shekara 20 kuma ya kusa daidai da na wanda bai taɓa sha ba.

KIRA GA SHUGABANNI

Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallar taba, da shan ta a wuraren taruwar jama'a, da sayar da ita ga yara. Sai dai tabar da ake kasawa a kasuwar ƙauye ba ta da kwali, balle a rubuta gargaɗi a jikinsa. Gargaɗinta sai dai ya fito daga bakin mutane. Saboda haka muna roƙon shugabannin jiha da na gunduma, da sarakuna da masu gari, da limamai, su sa wannan magana cikin abin da suke gaya wa jama'a, musamman ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da sankara ta duniya, da ranar 31 ga Mayu, ranar barin taba. Muna roƙon malaman asibiti, duk wanda ya zo musu ya haura shekara 40 yana taba, ko da ciwon ƙafa ya kawo shi, su ce ya buɗe baki su duba. Gidajen rediyon karkara su ma suna da nasu rabo.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, ku ne idon garuruwanku. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba wannan shafi, a dandali da bakin masallaci da wajen masu taba ranar kasuwa. Wanda ke da uba ko kawu ko gwaggo mai batta, ya je da ladabi ya roƙe su su bari a duba bakinsu, kada kunya ta hana shi kamar yadda ta hana ni. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.